Gwangwanin da Ya Yi Tafiyar Teku a Dogo Nini

A gidanmu na unguwar Dogo Nini, a Potiskum, ba a yar da gwangwanin madara. In madarar gari ta ƙare, ki wanke gwangwanin, ki kife shi a rana, ki kai wa Baba har da murfinsa. Mahaifiyarmu, Ya Meram, ta yi shekaru tana rantsuwa cewa wata rana za ta kira 'yan gwangwan su kwashe tarkacen nan ta huta. Har yau ba ta kira su ba.

Baba, wanda mutanen sito ke kira Ba Umara, mai loda riɗi ne a kwantena. Ba shi da sito, ba shi da tirela, kuma ko buhu ɗaya na riɗin da ke fita waje bai taɓa zama nasa ba. Shi dai aikinsa ya tsaya a bakin kwantena da alli a bayan kunne, ya ce wannan buhu ya shiga, wancan ya koma rana. Yana tauna ƙwaya uku ya faɗa miki ko riɗi ya bushe. Iyayensa daga Borno suka zo, shi kuwa a Potiskum aka haife shi, kuma duk yawon da ya yi a duniya bai wuce Kano ba. Teku kam ko a mafarki ban jin ya taɓa ganinsa. Amma ki zauna da shi ki ji yadda yake ba da labarin hanyar jirgin ruwa, sai ki rantse shi ne direban.

Ga hanyar kamar yadda muka haddace ta tun muna ƙanana, ni Murjanatu da yayyena, don dole. Tirela ta ɗauki kwantena daga nan zuwa Legas. Jirgi ya ɗauke ta ya yi arewa, yana bin gefen ƙasa har kusurwar Maroko, inda ake sauya mata jirgi. Daga nan a shiga Bahar Rum, a ratsa mashigin Suwez, a gangara Bahar Maliya ta gaban Jidda, a karya kwana zuwa ƙasashen Larabawa na gabas inda masu saye suke. In ya zo kan Jidda sai ya sassauta murya ya ce, "Allah Ya kira mu," mu ce amin. Kwana arba'in da 'yan kai, in ba a yi jira ba. Wannan hanya Baba yana ƙaunarta kamar hanyar gonar ubansa.

Asalin gwangwani kuwa daga abin kunya ya fito. Tun kafin a haife ni, lokacin yana sabon shiga, ya loda wata kwantena a watan Disamba, riɗi busasshe ƙayau, ya rufe. Bayan wata biyu mai saye ya aiko da hoto. Buhunan sama duk sun yi baƙi, fumfuna ta cinye su. Mai siton ya tara 'yan dako ya ɗaga hoton sama ya ce, "Ku zo ku ga aikin Umara." Ya Meram ta ce kwana uku Baba bai ci tuwon kirki ba. Abin da ya fi damunsa ba faɗan ba ne. Kwantenar ba ta huje ba, ruwan teku bai shiga ba, to daga ina ruwan ya fito?

Shi kaɗai ya gano amsar. Ya zuba riɗi a gwangwani, ya rufe, ya bar shi a rana har ya yi zafi, sannan ya binne shi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Da ya buɗe sai ga raɓa tsaf a cikin murfin, tana shirin ɗigowa kan riɗin. "Ƙarfe ma yana zufa," in ji shi. Kayan da aka rufe cikin zafi, in suka shiga ƙasar sanyi, rufin kwantena ne ke tara musu ruwa daga ciki. Ashe a Disamba can wajen Maroko da Bahar Rum sanyi ake na gaske.

Tun daga ranar kowace kwantena da ya loda sai ya yi mata ƙane. Zai ɗebi riɗinta cikin tafin hannu ya rufe a gwangwani, ya rubuta lambarta da alli, sannan gwangwanin ya yi tafiyar a cikin gidanmu. Kwanakin tirela yana kan rufin kwano. Kwanakin jira a Legas yana kusa da wurin wanke-wanke, don can danshi gare su. In jirgi ya kai ƙasar sanyi sai gindin randa, daga baya kuma da aka waye sai firjin Madam Ursula, maƙwabciyarmu 'yar Binuwai mai sayar da lemo da ruwan leda. Ranar da jirgi ya isa ya buɗe, ya shinshina, ya watsa wa kaji. Mu yara mun sha dariya a unguwa. Har suna aka sa masa, Umara Gwangwani, kuma yana amsawa ba tare da ya ji komai ba.

Daga gwangwanin ya fitar da dokarsa. Kwantenar da za ta tashi lokacin sanyi, a sa mata bargo: kwali a ƙasa, kwali a bango, kwali ninki biyu a saman buhuna, a rataya 'yan jakunkunan nan masu shan danshi a kowace kusurwa. Wadda za ta tashi da bazara kuwa 'yar shara ta ishe ta, wato takarda falle ɗaya, tunda daga nan har can zafi za ta bi. Shekara ashirin da tara yana kan wannan doka, ba a sake ɗaga hoton aikinsa a gaban mutane ba. Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan, kuma ba ya gajiya da faɗa. Ko gaisuwar mutuwa aka je, in aka daɗe zaune, sai ya san yadda ya kawo zancen.

Shekarar da nake son ba da labari, matan garin Mamudo ne suka zo masa. Ƙungiya gare su ta manoman riɗi, shugabarsu Ya Kaka, doguwar tsohuwa mai zanen Barebari a fuska, wadda ba ta iya magana a hankali ba. Shekara da shekaru suna sayar wa dillalai a bakin gona. A karon farko sun sami mai saye a can ƙasar Larabawa wanda zai karɓa da sunan ƙungiyarsu. Riɗin mata sittin da wani abu, noman damina guda, buhu ɗari uku da tamanin, kwantena ɗaya cif. Mai sayen ya faɗa musu gaskiya cewa gwaji ne. In kaya ya isa da kyau, kowace shekara zai dawo. In ya isa a lalace, shi ke nan. Takardu suka ja su har ƙarshen watan Mayu, lokacin da zafin Potiskum ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa.

"Wushe, Ba Umara," in ji Ya Kaka da gaisuwar Barebari, da ta shigo zaurenmu. "Mu ba mu san teku ba, ba mu san jirgi ba. Kai muka sani. An ce hannunka ba ya ɓata kaya."

Baba ya ce sai ikon Allah, amma na ga yadda ya gyara hula.

A nan ne ta faɗa masa abin da ejan ɗinsu na Legas ya ce. Jirage sun rage bin Bahar Maliya saboda tashin hankalin da ake yi a can, ana harbin su. Kwantenar matan Mamudo ba arewa za ta yi ba. Kudu za ta yi, ta zaga wutsiyar Afirka, ta haura ta gabas. Baba ya ɓata rai kamar an ce an rushe masallacin unguwa. Ya tambaya ko za a sauya jirgi a Maroko, aka ce babu Maroko. Suwez fa? Babu. Jidda? Ita ma babu. Ya ce to wannan wace irin tafiya ce, mutum ya bar ƙofar gida ya bi ta bayan katanga? Amma da aka ce masa kwanakin kusan ɗaya ne, sai ya ɗaga kafaɗa. Kudu dai kudu ce, in ji shi, zafi da ruwan sama. Ga shi bazara ce. 'Yar shara ta isa.

Ranar Asabar aka yi lodi a wani sito da ke hanyar Nangere. Ba ni da makaranta ranar, ni malamar firamare ce, don haka na bi shi na kai masa ruwa. Tun hantsi 'yan dako suke shiga suna fita, Baba yana tauna riɗi yana nuni da alli. Kafin azahar an gama, an rufe ƙofa, saura a buga ƙarfen nan mai lamba. Direban tirelar, wani Bafulatani siriri mai saurin fushi da ake kira Joda, ya ce bayan la'asar zai kama hanya, don jirgin ba ya jiran kowa. Baba ya cika gwangwaninsa, ya ɗora shi kan bangon sito a rana, ya ɗauke shi da zafinsa muka taho gida.

Mun tsaya shagon Madam Ursula shan ruwan sanyi. Tana ganin gwangwanin ta fara matsar da kwalaben lemo.

"Baba, ka kawo ɗan naka? Ga wuri na gyara masa."

"A'a, Madam, wannan karon ba zai dame ki ba. Ɗan bazara ne."

Mijinta, Malam Terkula, yana zaune a benci yana duba takardun ɗalibai. Malamin labarin ƙasa ne a sakandare, kuma shi da Baba sun yi shekara goma sha biyar suna gardama ba wanda ya taɓa kayar da wani. Da ya ji zancen sabuwar hanya sai ya shiga ɗaki ya fito da ƙwallon taswirar duniya, wanda wani ɗansu ya fasa wa Amurka. Ya karɓi zare a wurin matarsa. Ya kafa kan zaren a Legas, ya bi da shi arewa, Maroko, Suwez, Jidda, har ƙasar mai saye, ya ƙulla. Ya sake kafa shi a Legas, ya gangara kudu, ya zaga wutsiya, ya haura. Zaren ya isa, har da ɗan saura kamar faɗin farce.

Baba bai ji daɗin wannan ba. Ya sa aka sake aunawa sau biyu, yana zargin Malam yana jan zaren. Daga ƙarshe ya ce to ai shi ma abin da ya faɗa ke nan, tafiya ɗaya ce, lodi ɗaya ne.

Malam Terkula ya ɗora yatsa kan wutsiyar, yana mayar da zaren, ya ce kamar abin wasa, "Sai dai matuƙan za su sha sanyi a nan. Tsakiyar Yuni za su wuce, lokacin ne sanyinsu yake kamawa."

"Sanyi a Yuni?" Baba ya yi dariya har da buga cinya. "Malam, boko ya yi maka yawa. Yau a inuwa ma mutum dahuwa yake."

"Nan ke nan, Baba. Can ƙasan duniya ne. In muna zafi suna sanyi, in muna sanyi suna zafi. Kirsimetinsu ma da zufa suke yi."

Ni ma na san haka, wallahi na sani, na ma taɓa koyar da shi a aji biyar. Amma sanin da ke kan allo daban, riɗin Mamudo daban, ban taɓa haɗa su a kaina ba. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, gaskiya ne." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan da ya bi bayan bare. Sai na buɗe waya na nemo masa yanayin garin da ke can wutsiyar, na nuna masa mutane cikin rigunan sanyi. Ya ce hoto ai ko na bara ana iya nunawa.

Bai yarda da ni ba, bai yarda da Malam ba. Amma dariyar ta tafi. Ya juya gwangwanin a hannunsa, har yanzu da ɗuminsa, ya miƙa wa Madam Ursula ba tare da ya dube ta ba. Ta sa a firji. Muka zauna. Ya yi sallar azahar a gefen shago, ya dawo ya zauna. Da aka yi kamar awa guda ya ce a fito da shi. Ya buɗe a hankali, ya kifa murfin a tafin hannunsa. Raɓa ce jere a ciki, ƙanana ƙanana, ɗaya ta gangaro ta jiƙa masa yatsa.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "Murjanatu, tsayar mana da Keke."

Mun tarar Joda ya riga ya tayar da mota tana ɗumi, Ya Kaka da mata kamar goma suna zaune a inuwar sito suna jiran su ga tashin kayansu. Duk hanya ina tunanin yadda Baba zai rufa wa kansa asiri. Yana iya cewa ejan ne bai yi bayani ba, ko ya ce ya ji ƙofar ba ta zauna daidai ba. Mutum ne da ko gishiri ya zubar sai ya ce kwanon ne ya karkace. Sai ga shi ya tsaya a tsakiyar fili, gaban 'yan dakon da ya yi shekaru yana yi wa tsawa, ya ɗaga murfin gwangwani sama kamar yadda aka taɓa ɗaga masa hoto.

"Ku zo ku ga aikin Umara," in ji shi. "Na yi kuskure. Na yi lodin tsohuwar hanya, kaya kuwa sabuwa za su bi. A sauke."

Joda ya diro daga mota yana faɗa da Hausa yana ƙarasawa da Fulatanci. Buhu ɗari uku da tamanin! A sauke a sake lodawa, sai gobe da rana ke nan, kwana guda ya tafi. In ya tarar da cunkoso a hanyar shiga tashar jiragen ruwa, jirgi ya tashi, sai su jira wani, kuma wa ya san yaushe. Duk saboda gwangwanin madara? 'Yan dako su ma suka ce ba za su yi aiki biyu cikin wannan rana ba, kowa ya nemi gindin bango ya zauna.

Ya Kaka ta tashi ta karɓi murfin, ta shafa da yatsa, ta dubi Baba.

"Ba Umara, in an bar shi haka lalle zai lalace?"

"Ban ce lalle ba, Ya Kaka. Allah ne masani. Yana iya isa lafiya. Amma in ya lalace, ni na san dalili tun yau."

"In an sauke kuma jirgi ya tafi fa?"

"Shi ma yana iya faruwa."

Ya Kaka ta sake duban murfin. Ni dai na san in ta ce a tafi, Baba ba zai ƙara barcin kirki ba sai bayan kwana arba'in, in kuma ta ce a sauke jirgi ya wuce, sunansa ne zai shiga bakin duniya daga Mamudo har Nangere. Ta juya wajen matan suka yi 'yar magana ƙasa ƙasa. Sannan ta ce da muryar nan tata da ake ji daga titi, "Gara ya makara da ya ruɓe. A sauke."

'Yan dako ba su motsa ba. Baba bai roƙe su ba, bai kuma yi tsawa ba. Ya cire babbar riga ya miƙa mini, ya buɗe ƙofar kwantena, ya juya baya ya sa kafaɗa a buhun farko. Shekararsa sittin da bakwai. Na yi ihu na ce ya bari, ko juyowa bai yi ba. Ya sauke na ɗaya, ya koma ya sauke na biyu. A na huɗu ya durƙusa. Kafin ya miƙe babban 'yan dakon ya riga ya ɗage buhun daga bayansa yana cewa, "Haba Baba, so kake a tsine mana?" Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suna gunaguni suna ɗauka.

Matan kuwa suka bazu cikin gari neman kwali. Shagunan masu firji da talabijin, masu sayar da taliya, har Madam Ursula ta kwance katan ɗin lemonta ta aiko. Aka tsaya da magariba, aka dawo bayan asuba. Baba yana zaune kan kujera, bayansa ya ƙi miƙewa, yana nuni da sanda: a nan ninki biyu, can a ƙara jaka. Da hantsin Lahadi ya yi sama kwantenar ta sha bargonta, aka buga mata lamba. Joda ya ja mota ko sallama bai yi wa kowa ba.

Ya sami jirgin, da ƙyar. Ya bugo wa Ya Kaka ya ce saura ƙiris a rufe karɓar kaya, kuma kada a sake kiran sa aikin tsofaffi.

Sabon gwangwani shi ma an yi masa bargo, ɗan kwali a ƙarƙashin murfi. Ni aka ɗora wa bin lambar kwantena a waya. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai Baba ya ce, "Ina muke?" In nuna masa ɗigon jirgin yana gangarawa kudu, ta wuraren da bai taɓa haddace sunansu ba. Ran da ɗigon ya kusa wutsiya ya dogara sanda da kansa ya kai gwangwanin firji. Malam Terkula bai yi masa gori ba, Allah Ya saka masa, ya dai matsa masa a benci. Kwana shida Baba yana zuwa gaishe da gwangwani kamar mai jinya a asibiti.

A kwana na arba'in da shida Ya Kaka ta zo gidanmu da waya a hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Mai saye ya aiko da hotuna. Na farko kwalin saman buhuna ne, ya jiƙe ya bushe ya kumbura, duk tabon ruwa kamar katifar yaro. Na biyu hannun wani mutum ne cike da riɗi, fari tas. A ƙasa an rubuta cewa badi kwantena biyu yake so.

Na zaci Baba zai fara, shekara talatin ke nan, kaza da kaza. Bai yi ba. Hoton riɗin kallo ɗaya ya yi masa. Hoton kwalin ya riƙe, ya daɗe yana duba, har Ya Kaka ta gaji ta zauna. Sai ya ce a hankali, "Duk wannan ruwan a kansu zai sauka." Ya goge ido da gefen hula ya ce zufa ce.

Bayan nan bai sake tsayawa a bakin kwantena ba, bayansa ya ƙi. Amma har yau ba a rufe ta matan Mamudo sai an aiko an tambaye shi, kuma masu wasu situna ma sun koyi hanyar zaurenmu. Da can tambayarsa ta farko ita ce wane wata muke. Yanzu sai ya ce, "Ta ina za ta bi?" Ya haddace sabuwar hanyar ma, yana ba jikoki labarinta, ko da yake har gobe yana cewa ba ta kai tsohuwar daɗi ba tunda ba a wucewa ta Jidda.

Gwangwanin farko kuwa, na ranar Asabar ɗin nan, bai watsa wa kaji riɗinsa ba. Yana kan kanta a ɗakinsa, murfin ya yi ɗige-ɗigen tsatsa daga ciki. Kwanakin baya wani ɗan gwangwan ya leƙo yana cigiya, wata jikar Baba ta ɗauko shi da gudu za ta miƙa masa. Ya Meram, wadda ta yi shekara talatin tana alwashin ranar nan, ta taso daga bakin murhu da muciya a hannu.

"Ke! Mayar da shi inda kika gan shi. Wannan ba na sayarwa ba ne."